Sharrin da Na Yi wa Gilashin Baba

Mahaifina mai hoto ne. Shagonsa na jikin katangar gidanmu, kusa da Ƙofar Kibo, ɗaki ɗaya da 'yar rumfa a gaba. Duk wanda ya tashi a unguwar a zamaninmu, in ya binciki akwatin uwarsa zai tarar da kansa a hoto, zaune a bencin Baba, ya ƙame, ido waje, kamar an ce masa in ya motsa za a kama shi. Ni ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa ko da faɗa zai yi mini. Faɗan bai cika zuwa ko'ina ba, don da wuya mutum ya ce Uwata kuma ya ci gaba da ɗaure fuska.

Kyamarori ya yi su da yawa, wata ta lalace ya sayi wata, amma gilashi ɗaya ya riƙe duk rayuwarsa. Gilashi shi ne dunƙulen nan da ake murɗawa a gaban kyamara, wanda haske ke bi ya shiga. Nasa ya saye shi ne tun kafin a haife ni, a hannun wani Bature malamin makaranta a Samaru da zai koma ƙasarsu. Ƙarfe ne da gilashi zalla, ba ko ɗigon roba a jikinsa, in ka ɗauka sai ka ji nauyinsa a tafin hannunka. Fentin wurin da yatsu ke kamawa ya goge har tagulla ta fito. A cikin gwangwanin madara yake kwana, da ƙullin shinkafa a gefensa saboda kada danshin damina ya sa masa fumfuna. Mu yara ba ma taɓa gwangwanin. Inna ma, da ta haifa masa mu bakwai, in tana shara kewaye shi take yi.

Mutanen birni sun san shi da hoton suna da na fasfo, amma abin da yake alfahari da shi hoton riga ne. Masu ɗinkin babbar riga na cikin birni, in sun gama aikin wata uku ko huɗu, kafin mai riga ya zo ya ɗauke abarsa sai su kawo wa Baba ya ɗauka, su ajiye katin a albam don nuna wa masu saye daga Kano da Legas. Baba zai rataye rigar a ƙusa, ya baza hannayenta, ya jira rana ta ɗan karkata, sannan ya ɗauka. In kati ya dawo daga wanki sai ya ɗora masa madubi mai ƙara girma, ya sunkuya a kan zanen aska takwas na gaban rigar yana bin zare. In ya iya bin zare ɗaya daga inda allura ta shiga zuwa inda ta fita, sai ya ce, "Ya fita." In bai iya ba, ya yaga katin a gaban mai rigar, ya sake ɗauka. Yakan ce hoton mutum ba shi da wahala, tunda kowa na so a ɗan rufa masa asiri, amma mai ɗinki ya zuba idonsa a rigar nan, ba daidai ba ne a mayar masa da aikinsa dishi-dishi.

Na riƙe gilasai da yawa bayan haka, na zamani masu tsada, kuma ba zan yi musu ƙarya ba, sun fi nasa kaifi daga wannan gefe zuwa wancan. Amma nasa yana da wani hali da ban samu a wurinsu ba. Tsakiyar hoto tar take fita, gefe ya ɗan yi laushi, abin da ke baya kuma ya narke, sai mutum ya fito daga cikin katin kamar zai gaishe ka. Fatar baƙin mutum tana fitowa da sheƙinta, ba ta yin toka-toka. In ya buɗe 'yar ƙofar haske da ke cikin gilashin duka sai hoton ya yi taushi, haka yake yi wa tsofaffin mata, su tafi suna murna an cire musu shekara goma. In ya tsuke ta kaɗan kuwa, to babu ruwan gilashin da kowa, har kaushin ƙafarka zai nuna.

Ƙannena maza duk sun gudu daga sana'ar, ni ce na maƙale. Da na yi aure na koma Tudun Jukun, sai na sayi kyamarar zamani wadda ba ta cin fim, na shiga ɗaukar bukukuwan mata inda ba a barin maza su shiga. Baba ya sa wa kyamarata suna ta malalata, wai ita ke saita kanta, ni aikina danna maɓalli kawai, ko akuya aka koya wa za ta iya. Ni kuma nakan ce tasa ta ga jiya ta ga shekaranjiya, ya kamata a kai ta gidan tarihi a huta. Haka muke da shi. Bakina ba shi da linzami, duk dangi sun shaida, kuma shi ya ɓata ni, don in na faɗi abin da kowa ke jin nauyin faɗa dariya yake yi.

A lokacin waya ta riga ta cinye yawancin sana'ar. Fim sai an yi saƙo Kano, wurin wanki ɗaya ya rage a Sabon Gari. Masu zuwa shagon Baba sun koma tsofaffin abokansa da masu ɗinki, sai jefi-jefi wani daga ƙauye da ke son hoton da zai rataye a ɗaki. Bai damu ba. Kullum da hantsi zai buɗe shago, ya share rumfa, ya kafa kyamara a kan ƙafafunta uku, ya zauna.

Wata damina, wani dattijo mai ɗinki, abokin Baba tun suna yara, ya yi sallama a ƙofar gidana a Tudun Jukun da riga a naɗe a hammatarsa. Na yi mamaki, don bai taɓa zuwa ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, muka gaisa, ya tambayi maigidan da yara, ya sake tambayarsu, ya yi maganar ruwan bana. Sai da ya gaji da kewaye-kewaye sannan ya zaro kati daga aljihu ya miƙo mini.

Hoton rigar ce, ɗaukar Baba. Aikin wuyan ya cakuɗe ya zama dunƙule ɗaya, ba zare ba alamar zare, kuma hannun rigar na gefe ɗaya ya fita daga katin gaba ɗaya.

Ya ce, "'Yata, ki ɗaukar mini da taki. Amma don Allah kada ya ji."

Na ce, "Baba Malam, ba ka nuna masa ba?"

"Ya gani. Shi ya ce zai sake, ya sake sau biyu, duk haka. Na uku na karɓa na ce ya yi kyau, na yi godiya. To me zan ce masa? Shekara hamsin muna tare."

Ashe ba shi kaɗai ba ne. Masu ɗinkin duk haka suke yi, su kai wa Baba don kara, su karɓa su yaba, su zagaya wani wuri a sake musu.

Baba ba wawa ba ne, ya ga katunan ba sa fita. Gilashin ya ɗora wa laifi. Ya ce in ya leƙa ta 'yar tagar kyamara wani hayaƙi-hayaƙi yake gani, ya murɗa zoben saiti gaba, ya murɗa baya, abu ya ƙi tsayawa. Ya goge gilashin, ya shanya shi a hantsi, ya sake sabuwar shinkafa, ya ɗaga shi sama yana leƙen cikinsa har wuyansa ya gaji. Ya rame a 'yan makonnin nan. Ranar wata Talata na je gaishe su, sai ya kira ni rumfa ya ɗora mini gwangwanin a cinya. Wannan ne karo na farko da ya bar shi ya fita daga gidan.

Ya ce, "Uwata, an ce akwai zoben da ake ɗaura tsohon gilashi a kan irin taki."

"Akwai, ina da shi."

"To ki je ki gwada mini shi. Ke ba ki iya ɓoye magana ba, shi ya sa na ba ki. In ya mutu ki ce ya mutu."

Washegari da safe na ɗaura shi a kyamarata. Hular maigidana na shanye a igiya, ƙube ce mai ƙananan aiki, na saita na ɗauka. Na ɗauki bangon tsakar gida, na ɗauki tsintsiya, na ɗauki bayan hannuna. Na zuba su a kwamfuta na buɗe na hular, na yi ta ƙara masa girma. Kowane zare na nan da murɗinsa. A bakin hular akwai wata tururuwa da ban ma lura da ita ba lokacin ɗauka, ga ta nan da ƙafafunta shida, ana ƙirgawa. Na haska cikin gilashin da tocila, ba fumfuna, ba ƙura, ba komai. Na leƙa ta tagar kyamarar Baba, don ya haɗo mini da ita, na ga tsakar gidana garau. Ban taɓa baƙin cikin ganin hoto mai kyau ba sai ranar. Na rufe kwamfutar na zauna, abincin rana ma sai da yara suka tuna mini.

Gilashi lafiya lau, kyamara lafiya lau. Abu ɗaya ya rage, shi ne mai leƙawa.

Dole in faɗi wani abu a nan, ba don in wanke kaina ba. Baba yana da wa, baduku, wanda ya makance a kan aikinsa, ya yi shekara tara a zaure yana jiran a zo a kama hannunsa a kai shi bayan gida. Duk ranar da Baba ya je duba shi, in ya dawo ba ya cin tuwon kirki. Na sha jin yana cewa Allah ya ɗauki ransa kafin ya ga wannan rana. Ya kuma taɓa faɗa a gabana cewa ranar da idon mai hoto ya fara yi masa gardama, mutuncinsa shi ne ya kulle shago da hannunsa. Shagon nan kuwa shi ne abin da ke tashinsa da safe.

Da na je gidanmu na tarar da Inna a madafi tana tankaɗe, na faɗa mata a hankali. Ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Kada ki kuskura. Kin ji ko? In kika ce masa idonsa ne, kin kashe shi da ransa."

"Inna, to asibiti fa?"

"Asibitin me? Tsufa ne. Wa kika ga an kai asibiti an cire masa tsufa? Mutumin da ke karatunsa kullum da asuba, yana gane mutum tun daga bakin ƙofar gari. Ki bar shi ya ƙarasa kwanakinsa da farin cikinsa."

Gaskiya ne yana karatunsa da tabarau na kasuwa, kuma yana gane mutane daga nesa. Na kama wannan na riƙe da hannu biyu. Amma ba na ɗora wa Inna laifi. Ita ba ta yi boko ba, ni na yi. Ban san sunan ciwon ba, ban ma san ciwo ba ne, amma na san ba gilashin ba ne, kuma wannan kaɗai ya isa a ce na kama hannunsa mun tafi.

Baba yana rumfa yana jirana, ya ga na fito ya gyara zama.

"Yaya, Uwata?"

Na ce, "Gilashin ne, Baba. Fumfuna ta shiga can ciki, inda ba a gani sai da na'ura."

Na ga abu biyu a fuskarsa lokaci ɗaya, kuma har yau ina ganinsu. Kafaɗunsa suka sauka, ya saki wani dogon numfashi, ya ce, "Alhamdu lillahi." Sai kuma ya karɓi gilashin ya shafa shi da babban yatsa, ya ce, "Allah sarki. Ya yi aiki, bawan Allah." A nan na gane shi ma tsoron da nake ji yake ji, kuma ni na zo na cire masa shi. Da a ce na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma bakina ya riga ya buɗe, sai na ji ina cewa akwai wani mai gyara a Kaduna, gwani ne, in ya ba ni zan kai masa.

Babu wani mai gyara. Gilashin ya yi mako guda a cikin durowata, ƙarƙashin zannuwa. Ranar Juma'a, da na tabbata Baba ya tafi masallaci, na zo da tef ɗin awo na tela. Ƙafafun kyamararsa sun shekara talatin suna tsayawa wuri ɗaya, har sun ci ramuka uku a simintin rumfar. Na auna daga nan zuwa ƙusar da yake rataye riga, bencin ma a ƙarƙashinta yake. Na kafa kyamarar, na daidaita ta yadda riga za ta shiga duka da hannayenta, na ɗaure kan ƙafafun tamau. Na murɗa zoben saiti har zanen bangon ya fito tar, na tsuke ƙofar haske yadda ko mutum ya ɗan matso ko ya ɗan ja baya zai fita. Sannan na ɗiga gam a ƙarƙashin zoben, ɗigo uku, na riƙe har ya kama. Inna na tsaye a bakin ƙofa tana duba mini hanya.

Na kawo wa Baba gilashin da saƙon mai gyara. Na ce mutumin ya ce an wanke cikin, amma zoben ya gaji, don haka ya kafe shi a daidai awon shago, kada a murɗa. Ya ce a riƙa sa ƙafafun a ramukansu. Ya ce hayaƙin da ake gani a taga yake, ba ya shiga hoto, kada a kula shi. Baba ya saurara yana gyaɗa kai kamar ɗalibi. Ya tambaye ni kamannin mutumin, na ce dattijo ne gajere mai tabarau, ba ya son surutu. Ya ce haka gwanaye suke. Ban san ina da baiwar ƙarya haka ba sai da na fara.

Katunan farko da suka dawo daga wanki, ya ɗora madubinsa ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya ɗago yana dariya har da tafa cinya.

"Ya fita! Uwata, zo ki gani, ya fita!"

Ya aika aka kira abokinsa mai ɗinki. Dattijon ya duba katin, ya dube ni, ya ce ma sha Allahu. Da zan tafi Baba ya ba ni ƙullin goro fari da kwalbar turare, ya ce in na sake shiga Kaduna in kai wa mai gyara, in ce wani tsoho a Zariya yana yi masa addu'a. Goron Inna ta cinye shi a ɓoye. Turaren yana nan a durowata, ban iya shafawa ba, ban iya zubarwa ba.

Zan faɗi gaskiya tunda na zauna faɗinta: na ji daɗin kaina. Na ga na yi dabara. Masu ɗinki suka dawo da gaske, ba don kara ba. Baba ya mayar da ƙibarsa, ya koma tsokanar kyamarata. In na zo na same shi ya rufe ido ɗaya ya manna ɗayan a taga, yana cewa mai hoto ya ɗaga haɓa, sai in ce a raina ai ga shi nan, wa ya cutu? Haka muka ci damina biyu muka shiga ta uku.

Alamu kuwa sun yi ta zuwa, mu muka ƙi karɓarsu. Ya riƙa bugun kafaɗarsa ta dama a dogaran ƙofa, muka ce ƙofar ce ta yi ƙunci, ƙofar da ya shekara sittin yana bi. Ya yi ta shure buta in an ajiye ta a damansa, Inna ta koma ajiye ta a hagu, shi ke nan an gyara. Wata rana mai keke napep ya kusa kwashe shi a kan hanyar kasuwa, ya dawo yana faɗan yaran zamani da ba sa yin oda, muka taya shi faɗan. Ni da ke gaya wa kowa gaskiyarsa a dangi, har surukata ba ta tsira ba, na zama mai cewa Baba ya faye tunani ne. Kowace alama ta zo sai in ga in na yi magana yanzu dole in tono ta baya, sai in ce bari dai wani makon.

Inna ce ta kira ni a waya wata safiya. Ta ce Baba ya zauna karatu ya ce ta buɗe taga, taga kuwa a buɗe take. Ta ce ya ci gaba da karatun, amma ta lura ya yi shafi uku da ka bai juya takarda ba. Ban ko ɗaura ɗankwali daidai ba na zura hijabi na fito. Na same shi zaune a bakin gado, hannayensa a kan gwiwa. Na ce, "Baba, tashi mu je asibiti." Bai yi musu ba, ya ce in miƙo masa hularsa, tana nan a gabansa a kan matashi.

Bari in faɗi yadda ta ƙare tun yanzu, don ba na son in ja rai. An ba shi maganin ɗigawa, ya riƙe masa ɗan ganin da ya rage na shekara guda da 'yan watanni, sannan shi ma ya tafi. Ya kulle shagon da hannunsa kamar yadda ya ce. Ya yi shekara biyu a zaure ana kama hannunsa, yawanci ni ce mai kamawa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Na yi kukan rasuwarsa kamar kowace 'ya. Amma abin da ke tsaya mini a rai har yau ba ranar rasuwar ba ce, ranar asibitin ce.

Mun daɗe a layi kafin a kira mu. Likitan matashi ne, da ganinsa ya gaji, amma ya gaishe da Baba da ladabi ya zaunar da shi a kujera. Ni na tsaya a bayan kujerar, Inna ta zauna a benci a bakin ƙofa. Ya ɗauko wani ɗan faifai ya rufe wa Baba idon hagu, ya ce ya dubi allon da ke bango ya faɗi abin da ya gani.

Baba ya ƙura wa allon ido. Sai ya ce, "Af."

"Me ka gani, Baba?"

"Ga shi nan. Hayaƙin nan ne. Hayaƙin cikin kyamara."

Likitan bai gane ba, ni na gane. Mai hoto in zai leƙa taga, idon hagu yake rufewa ya duba da na dama. Duk sauran harkokinsa ido biyu yake yi da su, na hagu yana rufa wa na dama asiri, shi ya sa yake karatu, shi ya sa yake gane mutane. A bayan kyamara kaɗai idon dama ke tsayawa shi kaɗai. Kyamarar ce ta fara gaya masa, tun da sauran lokaci, ni kuma na zo na rufe mata baki da gam.

Likitan ya yi gwaje-gwajensa, ya haska, ya auna, ya koma kujerarsa. Ya ce ruwa ne ke taruwa a cikin ido yana danne jijiyar gani a hankali, ba zafi ba ƙaiƙayi, kuma yana bin jini. Ya tambaya ko akwai wanda ya makance a dangi, Baba ya ce wansa. Ya ce abin da ciwon ya ci ba ya dawowa, amma in an kama shi da wuri, magani na tsayar da shi, mutum ya mutu da ganinsa. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli.

"Baba, wannan hayaƙin da ka ce, tun yaushe kake ganinsa?"

"Damina uku ke nan."

Likitan ya ajiye bironsa. "Damina uku? Haba Baba. Haba Hajiya, ku da kuke tare da shi. Da a lokacin kuka zo ai da wannan na hagun ko kusa ba a taɓa shi ba. Me ya hana ku zuwa?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, amma Baba ya riga ni.

"An duba an ce mini gilashin kyamarar ne."

"Wa ya ce?"

Ina tsaye ina kallon ƙeyarsa da bakin hularsa, ina jin numfashinsa. Mutum ne da ya san gilashin nan fiye da yadda ya san tafin hannunsa, kuma yanzu an ba shi abin da ya rage ya haɗa lissafin. Na ga lokacin da ya gama haɗawa, don wuyansa ya ɗan sunkuya.

Ya ce, "Wani mai gyara ne a Kaduna."

Ran likitan ya ɓaci. Ya ce irin waɗannan mutanen su ke kashe jama'a, kowa ya zama likita, mutum bai san abu ba ba zai ce bai sani ba. Ya ce da zai ga mai gyaran nan da ya gaya masa abin da ya aikata, don ya cuci bawan Allah cutar da ba ta da gyara.

Baba ya ɗaga hannu ya tsayar da shi. Sannan ya miƙa hannun baya ta gefen kujera yana lalube, ya samu bakin hijabina, ya bi shi har ya kama wuyan hannuna, ya riƙe.

"A'a likita, kada ka zage shi. Ba mugu ba ne, tausayina ya ji. Kuma ni na koya masa aikin."

Likitan ya dube shi, ya dube ni, ya ɗauki bironsa ya fara rubuta magani. Baba bai saki hannuna ba har muka fito bakin titi.